Hamida Da Mai Taswira

Ranar kasuwar Urafan ce, rana ta take tsaka, Hamida tana tsaye a rumfar Abdulwahab mai cajin waya tana jiran ya miƙo mata tata. Sai ta ji dattawa a rumfar da ke gefe suna ta kabbara, kamar an nuna musu wani abin al'ajabi.

Hamida ɗiyar Malam Isma'ila ce, manomi a Tsamiyar Bako, wani ɗan ƙauye gabas da Urafan. Shekarunta ashirin da biyu. Ta yi lakwal, wato makarantar boko, har kwaleji, sannan ta dawo gida ta kama ɗinki, kuma da ɗinkin ta sayi wayar tata. Son ganin ƙwaƙwaf ya ja ta, ta matsa ta leƙa ta bayan dattawan.

Wani saurayi ne dogo, baƙi, mai fara'a, yana riƙe da waya yana nuna wa kowa gonarsa. Ƙadri sunansa, ma'aikacin ƙungiyar manoma ne daga Tasawa. Da ya ɗago kai idonsa ya faɗa cikin nata, sai maganar da yake yi ta ɓace masa.

"Malama, ke daga wane gari?" ya tambaya.

"Tsamiyar Bako. Ba za ka same mu a ciki ba, mu ko hanyar mota ba mu da ita."

Ya yi murmushi ya juyo mata da wayar. Da farko ta ga wata ƙwallo shuɗiya tana lilo cikin baƙin duhu. Ya ce duniya ke nan. Ya ja da yatsu biyu, ƙwallon ta buɗe, ƙasa ta matso. Ga Nijar, ga Maraɗi, ga Tasawa, ga wani siririn layi fari da ya ce hanyar amalanke ce. Ya ƙara ja, sai ga rufin masallacinsu, ga rijiya, ga gonar babanta da babban gawon da ke tsakiyarta, har da inuwarsa kwance a ƙasa.

Hamida ta dafe ƙirji. Tsigar jikinta ta tashi. A gonar nan ta yi rarrafe, a gindin gawon nan take kai wa babanta fura, amma ba ta taɓa tunanin akwai mai ganin wurin daga sama ba sai Allah da tsuntsaye.

"Subhanallahi! Wa ya hau can ya ɗauko wannan?"

"Tauraron ɗan'adam ne. Yana zagaya duniya yana ɗaukar hoto."

"Ashe an san da mu," ta faɗa a hankali, idonta ya kawo ruwa.

Yana jan hoton ne ta lura ƙaramin yatsansa na dama babu gaɓar ƙarshe. Ya ga inda take kallo, ya ce lauje ne ya cire masa tun yana ɗan shekara tara. Sannan ya ce in tana son hoton gonar, sai dai ta ba shi lambarta ya tura mata. Ta gane dabarar sarai, amma ta karanto masa lambar. Abdulwahab, wanda ya daɗe yana sonta ba ta ba shi fuska ba, yana daga rumfarsa yana kallon komai.

A Tsamiyar Bako babu rezo, wato sabis ɗin waya, sai a kan wani tudun yashi da ke bayan gari. Duk mai son kira can yake hawa, ya ɗaga waya sama yana juyawa. Washegari bayan La'asar Hamida ta hau, ta tsaya har ƙafarta ta gaji, sannan wayar ta yi ƙara.

"Assalamu alaikum Hamida. Ga hoton gonar Baba. Yau sau goma na leƙa garinku daga sama, ban ga mai ɗinki ba. Ƙadri."

Ta yi dariya ita kaɗai, ta rubuta masa:

"Mai ɗinki tana cikin ɗaki, tauraronka ba ya ganin cikin ɗaki. Na gode, Mai Taswira."

Daga ranar sunan ya bi shi. Shi kuma ya sa mata Sanyin Idona. Wayar ba ta sauƙaƙa musu ba. Tana mayar mata da Hausa Faransanci, ta rubuta "sannu" a tura masa wata kalmar daban, ya kwana yana neman ma'anarta. Da suka koma bokal, wato saƙon murya, sai ya zama tana tura shi ranar Litinin ya isa ranar Laraba. Duk da haka, ranar da ta fara jin muryarsa tana fitowa daga ɗan abin da ke tafin hannunta, shi yana Tasawa ita tana kan tudu, sai da ta zauna a kan yashi ta sake saurare har sau biyar.

"Sanyin Idona," in ji muryar, "yau na je garin Sarkin Hausa aiki, moto ya kafe mini cikin yashi, na tura shi har na galabaita. Da na tuna ana jirana a kan tudu, sai ƙarfi ya dawo mini."

Bayan wata ɗaya ya zo gida ya gaida mahaifanta. Inna Jummai, mahaifiyarta, ta yaba da ladabinsa. Malam Isma'ila ya amsa gaisuwa, ya kalli gonarsa a cikin wayar ya jinjina kai.

Da damina ta ƙarato, hadari ya fara haɗuwa yana watsewa, sai Ƙadri ya turo saƙo:

"Sanyin Idona, aplikasiyon ɗin hasashen ruwa ya nuna babban ruwa ranar Alhamis, kuma zai ci gaba har sati. Ki gaya wa Baba ya yi binne tun yanzu, zai riga kowa."

Hamida ta sauko da gudu. Malam Isma'ila yana zaune yana gyaran ƙotar sungumi, ya saurare ta har ta gama.

"Ɗiyata, gawo bai gama zubar da ganye ba, iskar ma ba ta juya ba. Wanga hadari ba na shuka ba ne."

"Baba, abin nan fa daga sama yake gani. Shi ne ya nuna mana gonarka. Yaya za a yi ya ga inuwar gawo bai ga ruwa ba?"

Kwana biyu tana roƙonsa, har ya sakko. Ya ɗauko irin geron da ya gada daga mahaifinsa, wanda yake zaɓar zangarniyarsa da hannunsa kowace kaka, suka binne shi a busasshiyar ƙasa.

Ranar Alhamis aka yi yayyafi, daidai wanda zai tayar da tsiro. Daga nan sama ta yi fayau. Kwana goma sha bakwai babu ɗigo. Hamida tana gani tsiron ya fito kore shar, ya langaɓe, ya bushe, iska ta kwashe shi. Ranar da babanta ya dawo daga gona ya zauna bai taɓa tuwo ba, ita ma kasa ci ta yi.

Ƙadri ya zo ba da haƙuri, amma ko tabarma ba a shimfiɗa masa ba.

"Yaro," in ji Malam Isma'ila daga bakin zaure, "irin da ubana ya bar mini ya tahi. Ban ce ka yi da gangan ba. Amma mutumin da ke tambayar waya yaushe Allah zai yi ruwa, ba zan ba shi ɗiyata ba. Ka koma gida lahiya."

Hamida tana bayan dangar kara tana ji, ta toshe bakinta da mayafi. Da ruwa ya sauka sosai lokacin gero ya riga ya ƙure musu. Malam Isma'ila ya samo ɗan irin gero wurin maƙwabta ya shuka a gefe, sauran gonar kuwa ya cika ta da wake. Abincin gidan na shekara ya rataya a kan waken nan.

Ana cikin haka, wata ranar kasuwa, ta kai waya caji. Abdulwahab ya karɓa yana girgiza kai kamar mai jin tausayi.

"Hamida, ban so in zama ni ne zan nuna miki ba. Amma gara ki gani da idonki. Ga abin da ke yawo a gurup ɗin 'yan Tasawa."

Ya miƙo mata wayarsa. Ƙadri ne cikin babbar riga fara da hula, yana riƙe da hannun wata amarya mai lalle, yana wannan murmushin da ta sani. Kasuwar ta juya mata. Ta ce ya tura mata hoton, ya tura. Ta hau amalanken komawa gida ba ta sayi zaren da ya kawo ta ba.

Ta hau tudu sau ɗaya, ta rubuta:

"Allah ya ba da zaman lafiya. Da ka gaya mini da bakinka."

Daga nan ta kashe rezo, ta daina hawa. Sati biyu tana ɗinki tana warwarewa, ta rame, ta daina dariya. Abdulwahab ya fara aiko da gaisuwa gidan, Malam Isma'ila ya ce aƙalla wannan an san iyayensa da kakanninsa.

Wata rana da hantsi tana zaune a gaban keken ɗinki, ta sake buɗe hoton. Inna Jummai ta shigo ta same ta.

"Ke dai ba za ki daina kallon abin nan ba? Goge shi ki huta."

"Yanzu zan goge, Inna."

Kafin ta goge, sai ta ja hoton da yatsu biyu, tana son ganin zanen lallen amaryar. Hannun angon ya cika fuskar wayar. Ta tsaya cak. Hannun dama ne, yatsu biyar cif, ƙaramin ma da farcensa har da zoben azurfa.

"Inna! Zo ki gani! Wannan ba hannunsa ba ne!"

"Fuskar fa?"

"Fuskar tasa ce, jikin na wani ne."

Inna Jummai ta riƙe haɓa. "Yanzu har an kai inda za a cire kan mutum a ɗora wa wani? Allah ka tsare mu."

Ranar kasuwa Hamida ta je rumfar Abdulwahab, ta ajiye masa hoton a gabansa, ta nuna yatsan. Ya fara rantse-rantse, ta tsare shi da ido har ya sunkuyar da kai.

"Aplikasiyon ne," ya ce. "Minti biyu ya ɗauke ni. Wallahi son ki ne ya sa."

"Mai so ba ya sa mutum kuka sati biyu yana kallo. Na yafe maka don Allah, amma kada ka sake aiko kowa gidanmu."

Tun kafin ta bar kasuwar ta kunna rezo. Wayar ta hau rawa a hannunta, saƙo na bin saƙo, kamar ba za su ƙare ba. Ta koma gindin wata tsamiya ta zauna tana karantawa.

"Wane zaman lafiya? Hamida, ban gane ba. Me zan gaya miki da bakina?"

"Sanyin Idona, in don maganar iri ne, kina da gaskiya. Na yi kuskure, kuma ba na barci saboda shi."

"Yau na zo har bakin garinku. Na tuna Baba ya ce in koma gida, sai na juya. Ba zan taka maganarsa ba. Amma ina nan, ban je ko'ina ba."

Ta share hawaye, ta danna ta yi masa bokal. Ta ba shi labarin hoton duka, ta ce, "Mai Taswira, ka yafe mini. Na yarda da hoto ban tambaye ka ba."

Wannan karon saƙon bai yi kwana biyu a hanya ba. Nan take amsa ta zo.

"Alhamdulillahi. Yau na fara gode wa laujen nan."

Sun shirya, amma maganar Baba tana nan daram. Kuma sai ga wata sabuwar damuwa. Waken ya yi kyau, ya yaɗu, ya fara fure, sai furen ya riƙa zubewa. Hamida ta ɓare wani ta ga 'yar tsutsa mai ɗige-ɗige a ciki. Malam Isma'ila ya zagaya gonar ya dawo jiki a sanyaye. Ya barbaɗa toka, ba ta yi komai ba.

Hamida ba ta nemi shawarar kowa ba. Ta ɗauki hoton furen, da tsutsar, da ganyen, ta hau tudu. Hoton ya ƙi tafiya. Ɗan da'irar nan ya yi ta juyawa, ya tsaya, ya sake farawa. Ta koma wancan gefen tudun, ta ɗaga hannu har kafaɗarta ta yi tsami, tana ta addu'a. Sai da rana ta yi ja sannan ya wuce.

Washegari Ƙadri ya amsa:

"Wannan karon ba zan faɗi abin da ban tabbatar ba. Na tura wa Madam Zubaida, malamar aikin gona a Maraɗi, shekararta ashirin tana aikin wake. Ga muryarta. Ki ba Baba ya ji da kunnensa, shi zai yanke."

Ta sami babanta a zaure, ta durƙusa.

"Baba, na san na jawo mana asara. Ba na cewa ka yarda. Ka dai saurara."

Ta danna. Muryar wata dattijuwa ta cika zauren, cikin Hausa tsantsa.

"Malam Isma'ila, ina gaisuwa, ina yi maka sannu da aiki. Na ga hoton wakenka. Tsutsar fure ce, kuma ba ta yi nisa ba tukuna. A samo 'ya'yan bedi busassu, wato dogon yaro, a daka, a jiƙa su kwana, a tace, a fesa da yamma idan rana ta yi sanyi. A maimaita bayan sati. Allah ya ba da albarka."

Malam Isma'ila ya gyara zama. "Wagga mata, daga Maraɗi take magana? Kuma ta ga wakena? Har ta san sunana?"

"Ta gani, Baba."

"Sake sa mini."

Sau uku ya saurara. A na ukun ya ce, "Kakata ma da bedi take tsare rumbu. Wagga ta san abin da take faɗi." Ya kalli wayar da ke hannun ɗiyarsa na ɗan lokaci, sannan ya ce, "To amma gonar da faɗi. Wa zai fesa ta cikin kwana biyu?"

"In ka yarda ya zo, Baba."

Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya dai tashi ya fara neman buhun da za a tara 'ya'yan bedi.

Saƙo ɗaya Ƙadri ya saka a gurup ɗin ƙungiyarsu. Bayan kwana biyu, da Azahar, sai ga ƙurar motoci masu ƙafa biyu ta nufo Tsamiyar Bako, samari goma sha huɗu, wasu daga Tasawa, wasu daga Urafan, har da biyu daga Attantane, kowa da famfon feshi a baya. Mutanen gari suka fito suna kallo. Matan gidan sun riga sun daka bedi sun jiƙa ya kwana. Kafin Magariba an gama gonar tas.

Malam Isma'ila yana tsaye a gindin gawon, wanda ya tsaya babu ganye ko ɗaya kamar yadda yake yi a damina. Ƙadri ya zo ya durƙusa a gabansa, rigarsa sharkaf da gumi, jikinsa duk warin bedi. Hamida tana ɗan nesa tana raba wa samari fura, kunnenta na wurinsu.

"Baba, na zo in faɗi laifina. Ranar nan abin da wayar ta nuna shi ne wataƙila a yi ruwa. Ni ne na cire wataƙilar, don ina son in burge ka. Kai ka duba gawo da iska ka faɗi gaskiya, ni na sa aka ƙi jin ka. Ba zan iya dawo maka da irin mahaifinka ba. Ka yafe mini."

Dattijon ya dube shi.

"Irin bai ƙare a duniya ba," ya ce. "Ƙanwata da ke aure a Mayahi tana da shi, zan karɓo. Abin da ya fi ci mini rai, na ɗauka kai irin yaran nan ne da ba su san su ce na yi kuskure ba. Tashi, ɗana."

"Baba, in ka yarda, ina son ka koya mini yadda kake karanta sama."

Malam Isma'ila ya yi dariya, karo na farko tun farkon damina. "Wannan ba a koyon sa a sati ɗaya. Sai ka riƙa zuwa. In ko za ka riƙa zuwa, gara ka turo manyanka a san matsayinka."

Ludayin da ke hannun Hamida ya suɓuce ya faɗa cikin ƙwarya.

Waken ya tsira. Ba duka ba, amma an cika rumbu, an kuma sami na musanya da gero. Bayan kaka aka ɗaura auren Hamida da Ƙadri a ƙofar gidan Malam Isma'ila, da hantsin wata Asabar. Ita ta ɗinka kayanta da hannunta, har da rigar angon.

Da La'asar, motar da za ta kai amarya Tasawa tana jira a bakin gari, aka kai ta wurin mahaifinta ta yi sallama. Ta durƙusa cikin lulluɓi tana kuka. Ya buɗe baki zai yi mata nasiha, sai ya dakata.

"Ina wayar taki?"

Ta ɗago da mamaki, ta zaro ta daga cikin mayafi.

"Abin nan da ke riƙe murya, kunna mini shi. Tasawa da nisa, ni kuma ƙafata ba ta hawan tudu. In kewar gida ta kama ki, sai ki saurara."

Ta danna masa. Ya karɓi wayar da hannu biyu, ya kai ta kusa da bakinsa, ya yi gyaran murya.

"Hamida, ni ne babanki. Na yafe miki duniya da lahira, uwarki ma ta yafe miki. Na ba ki ga Ƙadri da zuciya ɗaya. Ki riƙe shi da gaskiya, shi ma ya riƙe ki da gaskiya. In kun ji magana a kan juna, ku zauna ku tambayi juna. Allah ya sa albarka a gidanku, ya ba ku zuri'a mai jin ƙai, ya sa ku tsufa tare. Allah ya yi miki albarka, ɗiyata."

Daga bakin ƙofa, inda Ƙadri ke durƙushe kansa a ƙasa, da cikin ɗaki, inda Inna Jummai ke share ido da gefen zane, aka amsa gaba ɗaya: "Amin."